Funfuna ma tana da rajistar suna

Jama'a masu karatu, darasinmu na yau a kan funfuna ne, wadda wasunmu ke kira hunhuna. Mun san ta. Ita ce ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da hatsin da ya sha laima a rumbu. Naman kaza danginta ne, haka ma yistin burodi. Makeron da ke cin kan yara, shi ma wani irin funfuna ne ke kawo shi.

Me ya sa ake ba ta suna?

Funfuna iri-iri ce. Masana sun ba fiye da iri 150,000 suna, kuma waɗanda suka saura sun fi haka yawa nesa. Wata abinci ce, wata magani, wata guba. In suna ya rikice, aiki ya rikice. Mu dubi gujiya: abin da muke kira gujiya a Maraɗi, shi Bakano ke kira gyaɗa, gujiyarsa kuwa ita ce kwarurunmu. Don gudun irin wannan ruɗani, masana suka yarda kowane iri ya sami suna guda da harshen Latin, wanda duniya duka za ta sani.

Ina ake rubuta sunan?

In an haifi yaro, mukan raɗa masa suna, sannan mu je ma'aikatar magajin gari a ba mu takardar haihuwa. Haka masana ke yi wa funfuna. Rajistarsu tana cikin intanet, kowa na iya buɗe ta da kwamfuta ko wayar salula. Rajistar uku ce: MycoBank a ƙasar Holand, wadda aka buɗe a 2004, da Index Fungorum a Ingila, da Fungal Names a ƙasar Sin.

A 2011 masana suka taru a Melbon, ƙasar Ostiraliya, suka kafa doka. Tun daga 1 ga Janairu 2013, duk wanda ya gano sabuwar funfuna sai ya shigar da sunanta cikin ɗaya daga rajistar nan, an ba shi lamba. In babu lamba, sunan bai karɓu ba.

Ina ruwan manomi?

Akwai wata funfuna mai launin kore da ɗorawa da ke kama gujiya da masara. Sunanta Aspergillus flavus. Wani masani Bajamushe mai suna Link ya ba ta sunan a 1809. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya daga Barazil. Da aka bincika, sai aka tarar funfunar nan ce ta zuba guba a ciki. Daga sunanta aka ciro sunan gubar: afalatoksin.

Gubar nan tana lalata hanta, tana kawo sankarar hanta. Dahuwa da suya ba su kashe ta. In saniya ta ci, tana fitowa cikin nononta. Saboda sunan guda ne, abin da aka gano a Ingila ya amfani likita a Damagaram da malamin gona a Tawa, domin sun san maƙiyi ɗaya suke yaƙa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu cire gujiya da zarar ta nuna, kada ta daɗe a ƙasa.
2. Mu shanya ta bisa tabarma ko leda har ta bushe ƙayau.
3. Mu tsince wadda ta fashe, ko ta motse, ko ta sake launi. Kada mu yi ƙuli-ƙuli da ita, kada mu ba yara ko bisashe.
4. Mu ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango da yoyon ruwa.
5. In mun ga wata baƙuwar cuta a gona, mu kai wa malamin gona ya gani da idonsa, a san sunanta kafin a sayi magani.

Tambayoyi

Rajistar sunan funfuna nawa ce, kuma a waɗanne ƙasashe suke? Wace gaɓa ce afalatoksin ke lalatawa? Yaya za mu yi da gujiyar da ta yi funfuna?