Yadda Ake Buɗe Taskar Sarewa Tilo

Duk ɗalibin da ya riƙi sarewar Turawa, wadda ake busawa ta gefe, galibi iyakar saninsa ga busar da ba ta da rakiyar wani kayan kiɗa ita ce Syrinx ta mai tsara kiɗa Debussy, ta shekarar 1913, alhali kuwa bayanta akwai taska mai yawa wadda ƙura ta rufe, ba don rashin daraja ba, sai don ƙarancin masu haƙurin tono ta.

Da farko, ka nemi Fantasiya goma sha biyu na Telemann, waɗanda aka buga a Hambug ta ƙasar Jamus wajen 1732, ka ɗauki ta biyu. Kada ka kai sarewa baki tukuna. Ka zauna da takardar kiɗan da fensir, ka yi mata muɗala'a kamar yadda almajiri ke bin allonsa, kana sa alama a duk inda za ka ja numfashi. Domin mai busa shi kaɗai ba shi da abokin da zai rufa masa asiri idan iska ta yanke masa a tsakiyar jimla, kuma waƙafi a inda bai dace ba yana ɓata ma'ana kamar yadda yake ɓata ta a karatu.

Sa'an nan ka rarrabe muryoyin. Hikimar Telemann ita ce, da sarewar itace mai maɓalli ɗaya tak, ya sa kunne ya ji kamar mutum biyu ne ke muhawara, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Ka busa sautukan ƙasa su kaɗai, a hankali, har su zauna maka. Ka koma ga na sama. Daga bisani ka haɗa su, kana ɗan nauyaya na ƙasan. A ganina nan ne aikin yake, kuma wata guda bai yi masa yawa ba.

Idan wannan ya samu, sai ka wuce ga Sonata ta Carl Philipp Emanuel Bach, ta 1747, wadda ya rubuta yana hidima a fadar Sarki Firedirik na Furusiya, sarkin da shi kansa mabushin sarewa ne. Da sanyin jiki take farawa, kuma tana da gurabun shiru waɗanda wajibi ne ka cika musu haƙƙinsu, kada ka yi gaggawar tsallake su.

Bayan wannan sai Rawar Akuya ta Honegger, ta 1921, gajera ce, za ta sake maka yatsu. Amma Density 21.5 ta Varèse, wadda ya yi wa mabushi Georges Barrère a 1936 domin sarewarsa ta ƙarfen filatinam, ka ajiye ta ƙarshe, saboda a cikinta ana bugun maɓallan da yatsa har su yi ƙara, kuma tana hawa can ƙololuwar sauti inda leɓen da bai ƙware ba ba ya kaiwa.