Dabbar daji a ƙofar gida: darasi daga Amurka

Darasinmu na wannan karo zai kai ku nesa, har ƙasar Amurka. Can akwai wata dabbar daji da ta addabi masu gidaje. Sunanta beyar. Faransawa na ce mata urs. Babu ta a Nijar, babu ta a dajin Afirka. Amma ku karanta a hankali, don tambayar da mutanen can suka sha wuya a kanta, mu ma mun san ta: me ke sa naman daji ya baro daji ya zo gidan mutum? Kuma yaya za a yi ya koma?

1. Wace dabba ce?

Beyar iri-iri ce. Wadda muke magana a kanta ita ce baƙar beyar. Tana zaune a Kanada, da Amurka, da arewacin Meziko. Masana sun ƙiyasta yawanta ya haura 800,000.

Dabba ce mai kauri, mai gashi da yawa, mai ƙarfin gaske. Babban namiji yana iya wuce kilo 200. Tamatar ba ta kai haka ba. Kada nauyinta ya ruɗe ka: tana hawan icce kamar biri, kuma in ta zabura tana gudun kilomita 50 a awa. Ba mutumin da zai tsere mata da ƙafa.

Tana cin kome, amma mafi yawan abincinta ciyawa ce, da ƴaƴan itatuwa, da ƙwari, da zuma. Babban makaminta hanci ne. Tana jin warin abinci daga nesa ƙwarai, fiye da karen farauta.

2. Me ya sa take da yunwa haka?

Ka san gaiwa, yadda take shiga cikin laka da rani, ta kwanta har ruwa ya dawo. Beyar ma tana da irin wannan hali, sai dai ita sanyi take gudu. In lokacin ɗari ya zo, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ta shiga rami ko kogon icce ta yi dogon barci. A wuraren da sanyi ya fi tsanani, barcin yana kai wata biyar ko shida. Ba ta ci, ba ta sha. Kitsen jikinta ne ke riƙe ta. A cikin ramin nan ne tamatar ke haihuwa, wajen watan Janairu.

Saboda haka kakarta tana kama da kakar manomi. Kai kana cika rumbu, ita tana cika ciki. Kafin sanyi ya shigo, tana iya yin awa 20 a rana tana neman abinci, ta ci abin da zai ƙosar da ƙarti bakwai ko takwas.

To, ka auna da kanka. A daji sai ta yini tana tsintar ƙananan ƴaƴan icce ɗaya ɗaya. A bayan gidan mutum kuwa, ganga ɗaya ta shara tana ɗauke da sauran nama, da burodi, da mai, da kayan zaƙi. Aikin yini guda ya zama na minti goma. In kai ne, ina za ka nufa?

3. Yadda rigimar ke farawa

Abu biyu suka haɗu. Na ɗaya, mutane sun yi yawa, suna gina gidaje har cikin daji. Na biyu, doka ta kare beyar, sai yawanta ya dawo. Ga misali daga jahar Fulorida. A shekarun 1970 ɗaruruwa kaɗan suka rage. A 2015 sun kai wajen 4,000. Mutanen jahar kuwa ba su kai miliyan 7 ba a 1970, amma a 2020 sun wuce miliyan 21.

Beyar tana tsoron mutum tun asali. Tsoron yana tafiya ne sannu sannu, hawa hawa:

Hawa na farko: ta zo da dare, ta kifar da gangar shara, ta ci, ta gudu.

Hawa na biyu: ta ga ba abin da ya same ta. Ta dawo gobe. Ta cinye abincin kare, da tsabar da mutanen can ke ratayewa don tsuntsaye, ta lashe man da ya rage a wurin gashin nama.

Hawa na uku: ta fara zuwa da rana. Ta fasa akurki, ta fasa amya. Ana yi mata ihu, ba ta motsi.

Hawa na huɗu: ta ɓalle taga ko ƙofa, ta shiga ɗakin girki, ta buɗe firigo. Wasu har sun iya buɗe ƙofar mota.

Abin da ya fi muni, ƴaƴanta suna tare da ita wajen shekara ɗaya da rabi. Duk abin da uwa ta yi, suna gani. Uwa mai bin shara ita ke koya wa ƴaƴanta bin shara.

In ta kai hawa na huɗu, yawanci sai harsashi. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji na can suke faɗa wa jama'a cewa duk wanda ya ba beyar abinci, shi ya kashe ta.

4. Wane hatsari ke akwai?

A faɗi gaskiya yadda take. Ba kasafai baƙar beyar ke kashe mutum ba. Wani bincike da aka buga a 2011 ya ƙirga mutum 63 da ta kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009. Cikin shekara 110 ke nan. Amma kaɗan ba babu ba ne. A watan Nuwamba na 2023, a wani ƙaramin gari na jahar Kalifoniya, beyar ta kashe wata tsohuwa mai shekara 71 a cikin gidanta. Shi ne karo na farko da aka rubuta irin wannan mutuwa a jahar.

Ɓarnar dukiya ta fi yawa: ƙofofi, motoci, kaji, zuma, itatuwan lambu. Ga kuma rashin kwanciyar hankali. Uwa ba ta barin yaro ya yi wasa a tsakar gida. Maƙwabta suna faɗa da juna: wannan ya ce a kashe ta, wancan ya ce a bar ta.

5. Magungunan da aka gwada

Magani na ɗaya: a kama ta a kai ta nesa. Ana ɗana mata tarko, a sa ta a mota, a sake ta a wani daji. Aikin yana cin kuɗi. Sau da yawa kuma sai ta nemo hanya ta dawo, ko ta faɗa wa wani gari na kusa. An ɗauke wahala daga ƙofar wannan, an ajiye a ƙofar wancan.

Magani na biyu: a kashe. A watan Oktoba na 2015 jahar Fulorida ta buɗe farauta. Cikin kwana biyu aka kashe 304, sai hukuma ta tsayar. Farauta tana rage yawan dabba a daji. Amma muddin shara tana nan a buɗe a unguwa, wata beyar za ta ji wari ta zo.

Wani lokaci ma ana ɗora laifi a kan wadda ba ita kaɗai ba ce. A 2022, a bakin tafkin Taho na Kalifoniya, an fasa gidaje da dama. Kowa ya ce wata ƙatuwar beyar guda ɗaya ce. Da masana suka gwada abin da aka bari a gidajen, sai suka ga aƙalla uku ne ke ɓarnar. A watan Agusta na 2023 aka kama ɗaya daga cikinsu, tamata mai ƴaƴa uku. Gwaji ya nuna ta shiga gida 21. Aka kai ta wani gandun dabbobi a jahar Kolorado. Da an kashe guda tun farko, da ɓarna ba ta tsaya ba.

Magani na uku: a rufe abinci. Wannan shi ne ya yi aiki. Ga shaida uku.

A gandun dajin Yalosuton, baƙi sun saba miƙa wa beyar abinci ta tagar mota, kuma ana zuba shara a fili. Daga 1931 zuwa 1969, kowace shekara wajen mutum 48 ke jin rauni. A 1970 hukumar gandun ta tsaurara doka: ta hana ciyarwa, ta rufe jujin, ta sa gangunan ƙarfe masu wuyar buɗewa. Shekarun farko sun yi wuya, don dabbobin da suka saba ba su daina nan da nan ba, kuma an kashe da yawa. Amma a shekarun 2000, raunin ya koma wajen mutum ɗaya a shekara.

A gandun Yosamiti, a 1998, an rubuta ɓarna fiye da 1,500, hasarar ta wuce dalar Amurka 650,000. Aka sa akwatunan ƙarfe na ajiyar abinci, aka hana barin abinci cikin mota da dare, ana cin tarar wanda ya ƙi. Cikin shekarun da suka biyo baya ɓarnar ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100.

A garin Durango na jahar Kolorado an yi gwaji irin wanda muke yi da taki: gona ɗaya a zuba, gona ɗaya a bari, a ga bambanci. A 2013 aka raba ganguna masu makulli wajen 1,100 a wasu unguwanni, aka bar wasu unguwanni yadda suke. Inda aka raba, rigimar shara ta ragu da kashi 60 cikin 100.

Gwajin ya nuna wani abu kuma. Ganga mai makulli ba ta da amfani in ba a kulle ta ba. Kuma sai yawancin gidajen unguwa sun kiyaye kafin a ga sauƙi sosai. Gida ɗaya mai sakaci yana jawo dabba ga unguwa duka. Wake ɗaya ke ɓata gari.

6. Abin da ake koya wa mai gida a can

Kada ya ba beyar abinci, ko don tausayi, ko don ɗaukar hoto.

Ya kulle shara. Kada ya fito da ita sai safiyar ranar da motar shara za ta zo.

Ya sauke tsabar tsuntsaye, ya shigar da abincin kare ɗaki.

Ya tsinke ƴaƴan itatuwansa da sun nuna, ya kwashe waɗanda suka faɗi.

Ya kewaye amya da akurki da waya mai lantarki.

In ya gamu da ita, kada ya gudu. Ya tsaya, ya ɗaga hannuwa, ya yi magana da ƙarfi, ya ja da baya a hankali, ya bar mata hanyar fita.

Ya sanar da maƙwabta da ma'aikatan gandun daji tun hawa na farko.

7. Ina ruwanmu?

Mu ma muna da dabbar da doka ta kare, yawanta ya dawo, ta gamu da manomi. Raƙuman dawa na Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, 49 kurum suka rage a 1996. Shekara 20 bayan haka sun wuce 500. Abin murna ne, amma manoman yankin sun san yadda suke cin wake da mangwaro. Raƙumin dawa ba beyar ba ne, kuma gona ba a kulle ta kamar ganga. Sai dai abin da aka riga aka girbe, shi ana iya ɓoye shi da wuri.

A ƙauyuka da yawa kuma akwai kura, ko dila, ko biri, ko ɓera. Dubi garinku da idon dabba mai yunwa. Ina mushen da aka yar a bayan gari ba a binne ba? Ina mahauta ke zuba hanji da jini ranar kasuwa? Wane akurki ne ba a rufewa da dare? Wane garke ne shingensa ya faɗi? Wane rumbu ne ya huje? Dabbar da ta ci sau ɗaya a banza za ta dawo. Wadda ta saba da mushe a bayan gari, tana kusa da ɗan akuyar da ke cikin gari.

Kada ka zuba guba. Guba ba ta zaɓe. Tana kashe karen maƙwabci, da ungulu mai share mana mushe, tana kuma iya kai ga yaro. In dabbar da doka ta kare ta yi maka ɓarna, ka kai magana wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji tun ranar farko.

Abin riƙewa daga wannan darasi shi ne: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutanen Amurka sun kashe kuɗi da harsashi shekara da shekaru kafin su yarda cewa tsagar tana wajensu. Toshe ta kuwa aikin gari ne duka, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa

In kun taru wurin sauraren rediyo, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, ku amsa tare:

1. Me ya sa beyar ke cin abinci da yawa kafin lokacin ɗari?

2. Don me kai ta nesa bai cika yin magani ba?

3. Me gwajin garin Durango ya nuna a kan maƙwabtaka?

4. Wace dabba ce ta fi yi wa garinku ɓarna, kuma me ke kawo ta?

5. Wane abu ɗaya ne garinku zai iya gyarawa cikin wannan mako, ba tare da kashe ko dala ɗaya ba?

Ku rubuta amsoshinku, ku ba malamin gona na yankinku. Sai darasi na gaba.