Rumfa Uku, Kuɗi Ɗaya: In Biya Ko In Bari?

 Malam, ga wata magana da ta raba kan gidanmu, na ce bari in kawo ta gabanka.

Ni ɗan kasuwa ne a Ƙaura Namoda, ina sayar da atamfa da shadda da yadi. Ba ni da shago, kasuwannin mako nake bi. Duk ranar kasuwa ina kama rumfar yini a kan naira 2,500, inda duk na samu. Wata rana in dace da layin 'yan yadi, wata rana a jefa ni can ƙurya bayan masu awo, inda ko mai neman ka sai ya yi tambaya.

To, sai ga wani bawan Allah mai hannu a harkar rumfuna ya zo mana da tayi. Ya ce in biya naira 90,000 a dunƙule, daga farkon kaka har wata shida, a ware mini rumfa a kasuwa uku: ta nan yankinmu na Ƙaura, da ta Shinkafi, da guda a ƙasar Zurmi. Ba kuɗin yini, ba neman wuri. Yayana ya buga lissafi, ya ce ranakun kasuwa 78 ne a wata shida, in da yini-yini zan biya sai na kashe naira 195,000, don haka ƙin wannan tayi butulci ne ga arziki. Mai ɗakina kuma ta ce ita ba ta san lissafi ba, hanya ta sani. Gaskiya kasuwar gida ba na fashinta, Shinkafi jefi-jefi nake zuwa, Zurmi kuwa na kwana biyu ban leƙa ba. Zuwa Shinkafi da dawowa, da kuɗin kaya da dako da abin taɓawa, yakan ci mini kamar naira 12,000, Zurmi kamar 8,000. Amma ina ganin in na biya, dole in riƙa zuwa, kasuwata ta buɗe.

Ƙarshen wata zan kwashi adashi, mutumin kuma ya ce daga nan farashi zai tashi. Malam, mene ne shawara?

Ɗan kasuwa, Ƙaura Namoda.

To ɗan'uwa, na ga wasiƙarka. Allah ya yi wa nema albarka.

Yayanka bai yi kuskure a ninkawa ba. Mako 26 sau uku 78 ne, kuma 78 sau 2,500 ya ba da 195,000. Sai dai lissafin nasa na wani mutum ne da ba kai ba: wanda ba ya ciwo, ba a yi masa rasuwa, ba ya zuwa suna, direba bai taɓa ce masa yau ba za a fita ba. Mu yi naka.

Kasuwar gida, wadda ka ce ba ka fashinta, mako 26 a kan 2,500 ya kama naira 65,000. Wannan kuɗi za ka kashe shi ko ka karɓi tayin ko ka ƙi. Abin da tayin ya ɗora maka a kai 25,000 ne, kuɗin rumfar yini goma ke nan a waje. Idan Salla da hidimomin gida suka cinye maka kasuwa huɗu, adadin ya koma goma sha huɗu. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka guda ce, kuma ba ni ne mai amsarta ba. A wata shidan kaka da rani na bara, lokacin da babu wanda ya tura ka, sau nawa ka ci Shinkafi da Zurmi? Ka duba littafin bashinka ko saƙonnin banki a wayarka, ranakun suna nan. In sun haura goma sha huɗu da nisa, tayin ya fara zama abin dubawa. In ba su kai ba, an sayar maka da abin da ba za ka ci ba. Kalmar "jefi-jefi" da ka yi amfani da ita ta sa ina zaton na san amsar.

Yanzu ga inda yayanka bai leƙa ba. A ce ka yi himma ka ci dukkan ranakun nan na waje. Shinkafi 26 a kan 12,000, Zurmi 26 a kan 8,000, jimla naira 520,000 a mota da dako. Ragin da ake yi maka kwaɗayi da shi 105,000 ne. Rumfa ita ce mafi arha a cikin tafiyar, kuma ita kaɗai aka yi maka sauƙi a kanta. Kuɗin mota kuwa babu wanda ya ɗaure maka shi. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta doshi 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Wanda ya tsara tafiye-tafiyensa na wata shida a watan Afrilun 2023 ya ga yadda 'yan kamasho suka sauya masa lissafi a tasha. Garinku ma da sauƙin sufuri ya bunƙasa: tun da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura a 1929, gyaɗa da auduga suka samu hanya mai arha, fatake suka biyo. Yau da ba jirgin ake dogaro da shi ba, kowane ƙunshin atamfa a kan taya yake tafiya, taya kuma fetur take sha.

Ba cewa nake kada ka je Shinkafi ba. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ba ƙaramar kasuwa ba ce, tana jawo mutanen Isa da Sabon Birni har da na ƙetaren iyaka, kuma a kaka, sa'ad da manomi ya sayar da amfani ana shirin bukukuwa, mai yadi yana iya yin cinikin da zai mayar da 12,000 ba komai ba. Amma wannan hukunci ne na kowace Alhamis ita kaɗai: ribar yau za ta biya motar yau? In za ta biya, 2,500 na rumfa ba zai hana ka zuwa ba. In ba za ta biya ba, rumfar da aka riga aka biya ba za ta ƙara maka mai saye ko ɗaya ba.

Jimla ɗaya a wasiƙarka ta fi duk lissafin nan damuna, inda ka ce in ka biya dole ka riƙa zuwa. Wannan dolen ita ce mai ɗakinka take gani. Kai ka fi ni sanin hanyar da ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi ta nufi Jibiya. Ka san akwai safiyar da ake zuwa tasha a tarar direbobi sun yi cirko-cirko, kowa na kiran na gaba a waya yana tambayar ko hanya ta yi kyau. A irin wannan safiya, mai biyan yini yakan ɗaure kayansa ya koma gida, bai yi asarar komai ba sai sammako. Wanda ya biya wata shida kuwa, akwai abin da ke raɗa masa cewa kuɗinsa na can na ƙonewa, an yi fashin makon jiya, in aka ƙara na yau an yi biyu. Mutum mai hankali ne, amma kuɗin da ya riga ya fita yana da murya, kuma ba ya faɗin gaskiya. Naira 90,000 ɗin ta tafi ko ka shiga motar ko ba ka shiga ba. Bai kamata 2,500 ta samu ƙuri'a a shawarar da ta shafi ranka ba, tayin nan kuma ƙuri'ar yake ba ta.

Irin wannan ciniki ba a rumfunan Zamfara aka fara shi ba. A Amurka akwai masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, suna hawa duwatsu lokacin hunturu su sulalo. A 2008 kamfanin Vail Resorts na jihar Kolorado ya fito da kati mai suna Epic Pass a kan dala 579, wanda zai ba mutum shiga wuraren wasansa duka tsawon hunturu. A 2018 wani kamfanin ya fito da kishiyarsa, Ikon Pass. Yau katin Epic ya haura dala 1,000, yana buɗe wurare da dama har a Kanada da Turai da Japan, tikitin yini guda kuma a manyan wuraren yakan wuce dala 250. Sai mutum ya ga ai zuwa huɗu ko biyar ya fanshe kuɗinsa. Abin da katin bai ɗauke masa ba shi ne jirgin sama da masauki da abinci, waɗanda su ne ainihin tsadar. Kamfanin kuwa dalilinsa a fili yake. Ana sayar da katin tun kafin hunturu, tun ba a san ko ƙanƙarar za ta sauka da yawa ko za ta yi rowa ba. Ya karɓi kuɗinsa, ya bar wa mai saye zullumin sama. A watan Maris 2020 annobar korona ta rufe wuraren gaba ɗaya, masu kati ba tsabar kuɗi aka mayar musu ba, rangwame aka ba su na kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari a kan katin shekara mai zuwa. Ka lura da tsadar tikitin yinin nan ma, da gangan ne, don katin ya yi kama da araha. In ka ji mai rumfunanku ya fara cewa kuɗin yini zai koma 4,000, ka san waƙar da ake rerawa.

Su ƙanƙara suke zullumi, ku kuwa naku ya fi yawa. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako a faɗin jihar Zamfara, aka katse layukan waya, aka ɗauki makonni masu yawa kafin a fara buɗe wasu. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa kasuwa na ci babu takardar naira a hannun mai saye. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, kasuwannin da ke shan iskar ƙetare suka ji a jikinsu. Uku ke nan cikin shekara uku, babu wanda ɗan kasuwa ya jawo, babu wanda aka yi shawara da shi. Mai rumfa da ya karɓi kuɗin wata shida ya fita daga wannan zullumi, ya bar ka a ciki. Ragin da ya yi maka ladan ɗaukar masa kaya ne.

Malamanmu ba su bar wannan a buɗe ba. A babin haya na Muhtasar, littafin Shehu Halilu da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, an ambaci umarnin mai mulki na rufe shaguna cikin abubuwan da ke warware haya. Ma'ana, in hukuma ta rufe kasuwa, kuɗin kwanakin da ba a amfana ba ba na mai rumfa ba ne. Ka tambayi malamin unguwarku ya buɗe maka wurin. Sai dai haƙƙi a littafi daban, kuɗi a aljihun wanda ya riga ya kashe su daban. Kuma rufewar hukuma kawai wannan ya shafa. Ranar da kasuwa ta ci, kai ne hanya ta hana, ba ka da abin nema a wurin kowa.

Tayin yana da alheri guda na gaske, wanda yayanka bai ma ambata ba: matsaya. Mai yadi da aka san inda yake zama ya fi mai yawo, domin matar da ta sayi turmi a wurinka za ta aiko ƙanwarta, mai bashi kuma ba zai ce ya neme ka bai gan ka ba. Sannan a lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, kamar yadda aka gani a 2024, ɗaure farashin wata shida ba wauta ba ne. Amma matsaya tana amfani ne a inda ake ganin ka kowane mako. Rumfar da ke wofi Alhamis uku cikin huɗu ba ta tara maka kowa, kuma kada ka yi mamaki in ka iso wata rana ka tarar an ba wani ita na yini.

Ga abin da zan yi in ni ne. In koma wurin mutumin in ce rumfar gida kaɗai nake so, a layin 'yan yadi, a yi mini farashinta ƙasa da 65,000, in biya wata uku-uku. Shinkafi in ci gaba da biyan yini, ko in haɗa kai da wani mai yadi da ke can mu riƙa raba rumfa ranar da na samu zuwa. Zurmi a bar ta sai ranar da ƙafa ta koma da kanta. Sauran kuɗin adashin a zuba su a kaya, domin a wata shida jari yana juyawa sau da yawa, rumfa kuwa ba ta haihuwa.

Kafin ka miƙa ko kwabo, ka binciki abu ɗaya. Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙananan hukumomi uku ne, kowace da ma'aikatan harajinta, kowace kasuwa da sarkinta. Mutum ɗaya da ke da ikon ware rumfa a dukkansu ba ƙaramin mutum ba ne, kuma in haka yake, sarkin kasuwa zai san shi. Ka je da shi gaban sarkin kasuwarku, a rubuta lambar rumfa ko iyakarta, da ranar farawa da ta ƙarewa, da abin da za a mayar maka in hukuma ta rufe kasuwa, da ko kuɗin ya haɗa da tikitin ƙaramar hukuma ko za a sake tare ka da shi. Shaidu biyu su sa hannu, yayanka ya zama ɗaya. In ya ce ai ba sai an kai ga takarda ba, ko ya ƙara matsa maka da zancen ƙarshen wata, ka riƙe adashinka ka ci gaba da biyan 2,500.