Darasi: Yadda Na'urorin Gwajin HIV Suke Aiki, da Rawar da Wayar Hannu Take Takawa

Darasinmu na yau a kan wata 'yar na'ura ce da ba ta kai tsawon wayarka ba, wato abin gwajin HIV na gaggawa. Da yawa sun ɗauka da zarar layi ɗaya ya fito, magana ta ƙare. Ba kullum ba ne. Amsar ta dogara da abin da na'urar take nema a jini, da kuma ranar da aka yi gwajin.

Yadda ƙwayar take shiga jiki

A 1983 masana a Cibiyar Pasteur da ke Faransa, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar HIV. A 1985 aka fara amfani da gwajin jini na farko a Amurka.

Aikin ƙwayar ya yi kama da na muguwar manhajar da take kutsawa cikin waya ta sauya mata umarni. Tana neman sojojin jiki da ake kira CD4, ta manne musu, ta shige ciki. Bayananta a rubuce suke da tsarin RNA, sai ta juya su zuwa DNA, ta liƙa su cikin DNA ɗin sojan. Daga nan sojan ya zama injin buga mata kwafi. Shi ya sa magani yake danne ta amma bai iya goge ta gaba ɗaya. Mai lafiya yana da CD4 kusan 500 zuwa 1,500 a kowane maikurolita na jini. Idan suka sauka ƙasa da 200, an kai matakin ƙanjamau.

Alamomi uku, lokuta uku

Bayan kamuwa, alamomi uku suke bayyana a jini, ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙiyasin hukumar CDC ta Amurka:

1. RNA ɗin ƙwayar kanta: gwaji irin na PCR yana iya ganin sa cikin kwana 10 zuwa 33.
2. Furotin ɗin ƙwayar mai suna p24: gwajin laburatori da yake neman sa tare da antibodi yana gano cutar cikin kwana 18 zuwa 45.
3. Antibodi, wato makaman da jiki yake ƙerawa don yaƙar ƙwayar: gwajin da su kaɗai yake nema yana buƙatar kwana 23 zuwa 90.

Yawancin na'urorin gaggawa da na gwajin kai a gida suna rukuni na uku. Ke nan wanda ya yi gwaji mako guda bayan abin da yake shakka, zai iya ganin layi ɗaya alhali ƙwayar tana jikinsa. Na'urar ba ta lalace ba, jikin ne bai ƙera abin da take nema ba tukuna.

Me yake faruwa a cikin na'urar?

A ciki akwai siririyar takarda mai jan ruwa kamar lagwanin fitila. Ɗigon jini yana bi ta cikinta, ya tarar da wurin da aka dasa furotin irin na HIV. Idan akwai antibodi, sai su maƙale a nan, launi ya fito a layin T. Layin C kuwa shaida ce cewa gwajin ya gudana daidai. Idan bai fito ba, sakamakon ba shi da amfani. OraQuick, wanda Amurka ta amince a yi amfani da shi a gida a 2012, dasashi ake shafawa da shi, a jira minti 20. Antibodi yake nema a ruwan dasashi. Ba a ɗaukar HIV ta yawu.

Sababbin fasahohi

GeneXpert na kamfanin Cepheid, wanda asibitoci da dama a Najeriya suke gwajin tarin fuka da shi, yana ƙirga yawan ƙwayar HIV a jini cikin kusan minti 90. Irin wannan gwaji mai neman ƙwayar kanta shi ne ya dace da jarirai, domin antibodin uwa yana iya zama a jinin jariri har wata 18 ko da bai kamu ba.

A 2015 ayarin Samuel Sia na Jami'ar Columbia ya ƙera 'yar na'ura da ake soka wa waya ta ramin iyafis. Daga wayar take jan wuta, ta gwada HIV da tunjere cikin minti 15. An jarraba ta a Ruwanda, kuma kuɗin ƙera ta dala 34 ne.

A 2021 masana daga UCL ta Landan da cibiyar AHRI ta Afirka ta Kudu suka horar da ƙirƙirarriyar basira da hotunan sakamakon gwaji fiye da 11,000. Manhajar tana duba hoton na'urar ta karanta layin, kuma a jarrabawar da aka yi ta fi idon ma'aikata dacewa.

Lura da kyau: a duka biyun sai da aka ɗiga jini. Duk manhajar da ta ce ka ɗora babban yatsa a sikirin ta gwada maka HIV, damfara ce.

Abin riƙewa

- Layi ɗaya kafin cikar kwana 90 bai isa ba, a maimaita gwajin.
- Layi biyu a gwajin gida ba hukunci ba ne, sai an tabbatar a asibiti.
- Wanda yake zargin ya haɗu da ƙwayar kada ya tsaya jiran gwaji. Maganin PEP sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28.
- Wanda yake shan magani har ƙwayar ta tsaya ƙasa da kwafi 200 a kowane mililita, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa.

Binciken NAIIS na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 suna ɗauke da HIV a Najeriya. Ga masu shirin aure musamman, ku duba kwanan watan gwajin kamar yadda kuke duba sakamakonsa. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.