Amsar Tambaya: Wurin Ɗurin Albarushi a Gida

Malam mafarauci na unguwar Kara-Kara a Zinder, ka tambayi yadda za ka tanadi wurin ɗura wa bindigarka albarushi a gida. Ko da yake Damagaram ta san wannan sana'a tun ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu da aka ƙera igwa a Zinder, gadon nan bai ɗauke maka wajibcin neman izinin hukuma ba, da shi za ka fara. Sa'an nan ka keɓe busasshen ɗaki nesa da murhu da fitilar kananzir, ka kafa teburin katako mai ƙwari, ka kulle albarushin a akwati dabam, domin gidajen unguwarku a manne suke, kuma haƙƙin maƙwabci amana ce a wuyanka. Don Allah kada ka bar yaro ya shiga ɗakin nan.