Darasi: Hasken rana da kashin shanu, wutar da ke cikin kararmu

'Yan uwa fatake da dillalai, duk wanda ya kwana da shanu a kara ya san abu biyu ne ke cin riba: kuɗin ruwa da kuɗin gazuwal na inji. A watan Agusta 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, kowa ya ga illar dogara da layi ɗaya, don lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa. To, ga hanyoyi biyu da reshen ƙungiya zai iya bi.

1. Famfo mai aiki da hasken rana

Wannan ba baƙon abu ba ne. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana bincike a kai kafin rasuwarsa a 1991. An buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 kuma a 2023.

Mu dai namu ƙarami ne: allunan sola, da famfo cikin rijiyar burtsatse, da tanki a bisa. Kafin a saye komi, a yi lissafi. Da bazara sa ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a yini. Shanu 500 ke nan lita 15,000. A gaya wa mai haɗawa wannan adadi da zurfin rijiyar, sannan ya faɗi yawan alluna. Gara a sa kuɗi a babban tanki da a sa a batir, domin allo mai kyau kan kai shekara 20, batir ko 'yan shekaru ne ya mutu. A fuskantar da allunan kudu, a riƙa share ƙura da hunturu, a kewaye su da waya saboda ɓarayi.

2. Gas daga kashin shanu

Ana gina rami da bulo da siminti, a rufe shi ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Kullum a dama ɗanyen kashi da ruwa daidai wa daida a zuba. In ya ruɓe sai gas ya taru a sama, a ja shi da tiyo zuwa murhu ko fitila. Kilo 25, wato kashin shanu biyu ko uku na yini, kan ba da gas ɗin da zai dafa abinci kamar awa biyu. Abin da ya fito ta bayan ramin taki ne, manoma na saye. A Burkina Faso gidaje dubbai sun gina irinsa tun wajen 2010.

Amma fa a lura: busasshen kashi ba ya yi, kuma ramin na son ci kullum. Saboda haka ya fi dacewa da mahauta da gidajen masu turka, ba karar da ke ci sau ɗaya a mako ba.

Abin yi

Rana kyauta ce, gyara ba kyauta ba ne. A sa ɗan kuɗin shayarwa a kan kowane kai, a buɗe masa asusu dabam, mutum biyu su riƙe littafi, a karanta shi gaban taro kowane wata. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowane reshe ya ƙirga shanun da ke kwana a kararsa, ya auna zurfin rijiyarsa, ya zo da lissafin taro mai zuwa.