Kwana Nawa Ciwo Ya Ci Muku Bana?

'Yan'uwa, idan muka tambayi maigida nawa zazzaɓi ya ci masa, yakan faɗi kuɗin magani da kuɗin mota zuwa asibiti. Wannan ƙaramin lissafi ne. Babban lissafin yana can gona, kuma ba mai rubuta shi. Ga yadda za ku ƙirga shi, ko da ba ku yi boko ba.

Ku nemi gwangwani ku ajiye a ɗaki. Duk ranar da ciwo ya kwantar da babban mutum a gidan, bai fita aiki ba, ku jefa tsakuwa ɗaya. Ranar da ya fita amma ƙarfi ya ƙare masa tun da hantsi, ku jefa ƙwayar wake. Wake biyu daidai yake da tsakuwa ɗaya. Kada ku raina waken nan. Mutane da yawa ba sa yarda su kwanta. Sai su ja jiki su je gona, su nome kunya uku inda suka saba nome goma, su dawo suna cewa ai sun yi aiki.

Akwai tsakuwar da aka fi mantawa, wato ta mai jinya. Yaro ɗan shekara uku ba ya noma, amma ranar da jikinsa ya yi zafi uwarsa ba za ta je gona ba, ba za ta soya ƙosan sayarwa ba. Maigida, ka jefa mata tata. Daka da ɗiban ruwa da neman itace aiki ne, ko da ba a biyan kowa.

A ce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai kwana 5, ka ƙara kwana 4 kana rabin aiki, uwargida kuma ta bar nata kwana 2 tana jinyarka. Tsakuwa 9 ke nan. A ce ɗan ƙwadago a garinku yana karɓar sefa 2,000 a wuni. To, ciwon ya ci sefa 18,000 tun ba a zo kan maganar magani ba. Ku sa kuɗin ƙwadagon garinku, ku buga naku lissafin.

Amma fa duwatsun ba nauyinsu ɗaya ba. A ƙasar Injamena ruwa yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Lokacin ne sauro yake yawa, lokacin ne kuma ciyawa take tseren girma da gero. Wanda ya kwanta mako guda da rani zai iya rama aikinsa. Wanda ya kwanta mako guda lokacin noman fari, sai rumbu ya gaya masa abin da ya rasa. Saboda haka gwangwanin damina daban, na rani daban.

Tsofaffinku sun san wannan a kan kurkunu. Tsutsar takan yi wajen shekara guda a jiki bayan an sha gurɓataccen ruwa, ta fito a ƙafa, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke, mutum yana zaune gonarsa tana lalacewa. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna fama da ita a duniya. Tace ruwa da hana mai kurkunu shiga tafki suka rage ta. An tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita a 2013. Mu a Chadi da saura, musamman a garuruwan bakin kogin Shari, inda take kama karnuka ma. Ku tace ruwan sha, ku dafa kifi ya nuna sosai, hanjinsa kuma ku binne, kada kare ya ci.

Zazzaɓi kuwa, abin da yake cika gwangwani shi ne jira. Ana cewa bari mu gani zuwa gobe, gobe ta zama kwana huɗu. Gwajin jini na ɗan yatsa bai kai rabin sa'a ba. Idan ya nuna cutar, maganin na kwana 3 ne, kuma a shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Idan ma'aikatan lafiya suka zagayo da maganin rigakafin damina na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ku karɓa kowane wata, ku ba da na kwana biyun da ake bar muku a gida.

Dattawan ikkilisiya, gidan da tsakuwarsa ta yi yawa a tsakiyar damina, kada a jira kaka kafin a tausaya masa. A kira masa gayya tun ciyawa ba ta rufe shuka ba.

Bayan girbi ku juye gwangwanin, ku ƙirga. Ranar da kuka zo asibiti ku gaya mana adadin, da watan da ya fi yawa, mu rubuta a katin gidanku.